Baƙar Tukunya Mai Fid da Farin Tuwo

Duk sa'ad da wani kamfanin fim na Amurka ko Ingila ya ɗauki baƙar fata ya ba shi gurbin da aka saba ganin Bature a ciki, sai ƙura ta tashi, ta ƙetare teku, ta sauka a wayoyinmu. A shekarar 2023 an yi haka har sau biyu. Kamfanin Disney ya fito da Halle Bailey, baƙar fata 'yar Amurka, a matsayin 'yar ruwa a fim ɗin The Little Mermaid, waɗansu Turawa suka ce an ɓata musu tatsuniyar ƙuruciya. Netflix kuma ya fito da Adele James a matsayin Sarauniya Kiliyobatara, Misirawa da dama suka ce an yi wa tarihinsu ƙarya. Matasanmu masu bin intanet suka shiga gardamar da zafinsu, akasari suna goyon bayan baƙaƙen, suna tir da wariyar Turawa. Ban ga laifin wannan kishi ba. Sai dai Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da muke yi wa Hollywood wa'azi, muna da tamu wariyar launi a fina-finanmu na Hausa, kuma ta fi tasu samun wurin zama, domin su suna gardama a kan tasu, mu kuwa ko suna ba mu raɗa wa tamu ba.

Kafin in zo gida, ya kamata a san asalin maganar a can. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko ya dace mai shirya wasa ya kau da kai daga launin fatar ɗan wasa, ya zaɓe shi don gwanintarsa kaɗai. Wannan ra'ayi ya taso ne don gyara wani tsohon zalunci. Shakespeare ya rubuta Othello a kan wani baƙin jarumi, amma shekaru aru-aru Turawa ne ke shafa baƙi a fuska su fito a matsayinsa. Lokacin da Ira Aldridge, baƙar fata daga Amurka, ya hau babban dandalin Covent Garden a Landan a 1833 ya yi Othello da fatarsa ta haihuwa, jaridu da yawa sun yi masa ca. Har a 1965 Laurence Olivier ya shafa baƙi ya yi Othello a fim, a shekarar da ta biyo kuma ya sake rina fuska ya fito a matsayin Mahadin Sudan, Muhammad Ahmad, a fim ɗin Khartoum. Ƙofar ta kasance mai buɗewa ta gefe ɗaya: Bature yana iya zama kowa, baƙi kuwa ko kansa ba a yarda ya zama ba. Sai a 2000 ne David Oyelowo, ɗan asalin Nijeriya, ya fito a matsayin Sarki Henry na Shida a kamfanin wasannin Shakespeare na masarautar Ingila. Ko a cikin baƙaƙen ma ba a haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Marubucin wasan kwaikwayo August Wilson ya yi jawabi a 1996 inda ya soki wannan tsari, yana ganin abin da baƙaƙe ke bukata shi ne gidajen wasa nasu da labarai nasu, maimakon aron riga a labarin wasu.

To, wani zai ce ina ruwan biri da gada? Mu duka baƙaƙe ne, daga mai ba da umarni har mai riƙe fitila. Wanda ya faɗi haka ya manta da harshensa. Bature ya dube mu ya ga launi ɗaya, mu kuwa muna da fari, da ja, da wankan tarwaɗa, da baƙi, da baƙi wuluk, kuma mun jera su hawa-hawa kamar matakalar bene. Mai shakka ya yi gwaji mai sauƙi. Ya je shagon da ake tura fina-finai a waya, a Rano ko Kibiya ko cikin birnin Kano, ya dubi hotunan tallar da aka liƙa, ya ƙirga fuskokin matan da aka sa a gaba. Sa'an nan ya kalli fina-finan, ya lura da wadda ake rera wa waƙar soyayya, da wadda ke ɗauke da tire tana kawo mata lemo. Ya lura da 'yar alhaji mai mota, da 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye. Ya lura da wanda ake ba matsayin ɗan daba, da boka, da maigadi, da wawan da ake yi wa dariya. Ba na cewa babu baƙaƙen jarumai da suka yi suna. Akwai su, musamman a cikin maza, waɗanda ma'aunin bai matsa musu kamar yadda ya matsa wa mata ba. Amma duk wanda ya yi wannan ƙirga da gaskiya zai ga inda rinjaye yake. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Adalci ne a ce Kannywood ba ita ta ƙirƙiro wannan cuta ba. Ta tarar da ita. Tun kafin kyamara akwai masu yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, akwai samari masu cewa a ba su fara ko mayya ce. Littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano tun daga shekarun 1980 sun ɗora a kai, har ta kai mai karatu yana iya rufe ido ya siffanta tauraruwar littafin da bai buɗe ba: doguwa ce, fara, mai dogon hanci, gashi har gadon baya. Ga kuma fina-finan Indiya da iyayenmu suka sha kallo a gidajen silima, daga ƙasar da ita ma take fama da irin wannan ciwo, har sai a 2020 ne kamfanin da ke yin sanannen man nan Fair & Lovely ya ji kunya ya sauya masa suna. Da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ya ɗebo waƙa da rawa daga Indiya, ya haɗo har da ma'aunin kyau. Abin da masana'antar ta ƙara shi ne ƙarfi. Karin magana yana yawo daga baki zuwa baki, hoto kuwa yana shiga kowane ɗaki, kowane dare, ya maimaita darasi ɗaya ba gajiya: ga kalar wadda ake so, ga kalar wadda ake aika.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wasan kwaikwayonmu na asali bai san wannan ƙa'ida ba. Duk wanda ya tashi a Fassi ko wani gari irinta ya san tashe. Da azumi ya kai goma, yaro ɗan shekara tara zai liƙa auduga a haɓa, ya ɗauki sanda, ya zama tsoho da gemu, manya su ba shi sadaka suna dariya. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula ta zama maigida. Wanda ke yin Jatau mai magani yana iya zama baƙi wuluk, ba wanda zai tsayar da wasa ya ce sunan bai dace da fatar ba. Masu kallo sun san kama da wane ba ta wane, sun kuma yarda a yi wasan a kan haka. Abin da suke aunawa shi ne murya, da tafiya, da iya kwaikwayo. Haka wasannin rediyo suka rayu shekara da shekaru a gidajen iyayenmu, ana ƙaunar 'yan wasan da ba a taɓa ganin fuskarsu ba.

A wajen ƙabila ma mun nuna muna iya kau da kai. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, Banufe ne daga Pategi, amma wane Bahaushe ne zai ce Samanja Mazan Fama ba nasa ba ne? Ali Nuhu a Maiduguri aka haife shi, mahaifinsa daga ƙasar Gombe, mahaifiyarsa daga Borno, ga shi ana kiransa sarkin masana'antar. Hadiza Aliyu a Libreville ta ƙasar Gabon aka haife ta, ta zo ta iya Hausa, ta zama 'yar gida. Har sauya fuska a tsakiyar labari mun karɓa: a shirin Labarina na Aminu Saira, da Nafisa Abdullahi ta bar matsayin Sumayya, Fati Washa ta ɗauka, aka yi 'yan gunaguni, shiri ya ci gaba. Masu kallon da suka iya haɗiye duk wannan, su ne ake cewa ba za su iya kallon baƙar yarinya a matsayin 'yar sarki ba?

Fim ɗin Amina ya nuna yadda muke ajiye fushinmu a inda bai kamata ba. Da ya fito a Netflix a 2021, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a matsayin Sarauniyar Zazzau, sai aka yi ta ƙorafi. Wani ɓangare na ƙorafin yana da tushe: an yi fim ɗin da Turanci, kuma masu sanin al'ada sun ga abubuwan da ba su gamsu da su ba a sutura da tsarin fada. Wannan magana ce ta bincike da girmama tarihi, ina tare da masu yin ta. Amma akwai masu cewa laifin shi ne jarumar ba Bahaushiya ba ce, ba ta yi kama da Amina ba. Wa ya ga Amina? Tarihin Kano ya ambace ta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, amma ba wanda ya bar mana hotonta. Zanen da muke gani a littattafan makaranta tunanin masu zane ne da suka zo ɗaruruwan shekaru bayanta. Tambayar da nake yi wa masu wannan ƙorafi ita ce: da a Kano aka shirya fim ɗin, da kuɗinmu da harshenmu, wace irin fuska za a nemo? Ina jin tsoron da mun sami Amina mai hasken da bai taɓa shan ranar fagen yaƙi ba, kuma da ba wanda ya ce uffan.

Masu kare wannan hali suna da hujjoji uku, kuma ya dace a saurare su. Ta farko ita ce kasuwa. Furodusa zai ce shi ɗan kasuwa ne, abin da jama'a ke saye shi yake kawowa. Wannan hujja tana cin wutsiyarta. Shekara talatin ana ba mutane abinci iri ɗaya, sa'an nan a ce ai shi suka saba ci. Yaushe aka ɗauki baƙar yarinya mai hazaƙa, aka ba ta labari mai kyau, da mawaƙi mai kyau, da talla irin wadda ake yi wa sauran, har aka ga kasuwa ta ƙi ta? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Rabilu Musa Ibro ya riƙe kasuwar fim har rasuwarsa a 2014, ba da hasken fata ba. Lupita Nyong'o, 'yar Kenya baƙa wuluk, ta karɓi kyautar Oscar a 2014 a ƙasar da ta fi kowa sanin lissafin kasuwar fim.

Hujja ta biyu ta masu kyamara ce, cewa farar fuska ta fi ɗaukar hoto. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, amma gaskiyar tana tona asirin mai faɗinta. Fata mai duhu tana bukatar wanda ya iya saita fitila, ya san inda zai sa haske da inda zai bar inuwa. Shekaru da yawa kamfanin Kodak yana daidaita launin hotunansa da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, shi ya sa baƙaƙe ke fitowa dusu-dusu. An gyara wannan tuntuni, kuma masu ɗaukar hoto a Dakar da Legas da Nairobi suna fito da baƙar fata tana sheƙi. Wanda bai iya haska fuskar mutanen garinsu ba, makaranta ya kamata ya koma. Rashin iya rawa ne ake ɗora wa ganga.

Hujja ta uku ita ce wai haka rayuwa take, 'ya'yan masu kuɗi sun fi haske saboda hutu. Wanda ya faɗi wannan bai shiga gidajen sarauta da na attajiran Kano ya duba ba, bai kuma je rugar Fulani ya ga farar yarinya tana tallar nono ba takalmi ba. Arziki da talauci ba su taɓa tambayar launi ba. Fim ne ya ɗaura musu aure.

Da abin ya tsaya a kan wa ya sami aiki wa ya rasa, da sai a ce rigimar 'yan fim ce. Abin ya wuce nan. Lokacin da nake aji biyar a sakandare, an shirya wasan kwaikwayo na ranar ba da kyaututtuka a wata makarantar 'yan mata da ƙanwata take. Ita ta fi kowa haddace maganganun gimbiya, har sauran 'yan wasa take yi wa tuni. Da aka zo rabon matsayi, sai aka ba wata gimbiya, ita aka ba ta baiwa mai riƙe mafici. Dalilin da aka faɗa mata a gaban ƙawayenta shi ne gimbiya sai da haske. Wanda ya yanke wannan hukunci ba mugu ba ne. Abin da ya gani a fim ya maimaita. Yarinyar tana da shekara goma sha uku. Ba ta yi kuka ba, ta dai daina shiga wasa, kuma bayan 'yan watanni mahaifiyarmu ta tsinci wata 'yar kwalba marar suna a ƙarƙashin katifarta.

Irin wannan kwalba tana nan a kasuwannin ƙauye da na birni, haɗin gida, ba takarda ba lamba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa sun ce kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da man sauya launin fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Sinadaran da ke cikin irin waɗannan mayuka, su hydroquinone da makuri da magungunan da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, suna sirantar da fata, su hana rauni warkewa, makuri kuma yana taɓa ƙoda. Ba na ɗora wa fim alhakin kowace kwalba. Amma yarinyar da ke Fassi ba ta karanta mujallun Turai. Madubin da take duba kyau a ciki shi ne wayar yayanta, kuma abin da ke cikin wayar daga Kano ya zo. Ban kuma ga laifin jaruman da Allah ya halitta farare ba, ko waɗanda matsin sana'a ya tura su ga shafe-shafe. Mai rabon matsayi nake tuhuma, wanda ya sa fata ta zama takardar neman aiki.

Kada a fahimce ni da cewa launi ba ya da muhimmanci a ko'ina. Akwai labarin da launi ne ƙashin bayansa, a nan kuwa wajibi ne mai shiryawa ya buɗe ido sosai. Da Moustapha Akkad ya shirya Ar-Risala a 1976, Johnny Sekka, haifaffen Dakar, ya ba matsayin Bilal a fitowar Turanci, domin tarihin Bilal ba ya cika in an cire baƙar fatarsa da bautar da ya sha. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, labarin yaro ne da aka sace aka ƙetara da shi hamada zuwa ƙasar Larabawa. Bambancin kama tsakanin mai saye da wanda aka saya yana cikin ma'anar labarin. Da aka rina fuskar Zoe Saldana don ta fito a matsayin mawaƙiya Nina Simone a 2016, matar da duhun fatarta ya shiga cikin gwagwarmayarta, jama'a sun yi tir, ita kanta jarumar daga baya ta nemi afuwa. Ƙa'idar da nake kira a bi mai sauƙi ce. Inda labari ya dogara da launi, a mutunta shi, a nemo mai wannan launi. Inda bai dogara ba, kamar labarin soyayya, da kishi, da gado, da siyasa, waɗanda su ne kusan duk abin da muke shiryawa, a rufe ido a buɗe kunne. Mu kuwa mun juya abin: muna sakaci a inda tarihi ke bukatar kula, muna tsanantawa a inda ba abin da ya hana baƙa zama amarya sai son zuciya.

Ba doka nake nema ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da aikin da ya ishe ta, kuma ba a auna fata da ma'aunin hukuma. Gyaran yana hannun masu sana'ar. Masu ba da umarni su riƙa kiran gwaji a fili, a ba kowa takarda ɗaya ya karanta, a zaɓi wanda ya fi motsa zuciya. Marubuta su daina rubuta launi a siffar tauraruwa in labarin bai bukace shi ba. Ƙungiyar MOPPAN da sassan koyar da wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su horar da masu fitila a kan fatar mutanen da za su yi wa aiki. Malaman makaranta masu shirya wasan yara su tuna cewa rabon matsayi darasi ne da ya fi wasan kansa daɗewa a zuciya. Mu masu kallo kuma mu daina yi wa baƙar jaruma ba'a a Facebook da TikTok, domin furodusa yana karantawa, kuma da maganarmu yake kafa hujja. Addinin da akasarinmu ke bi ya riga ya yanke hukunci: Alƙur'ani ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, huɗubar ban kwana kuma ta kore fifikon fari a kan baƙi sai da tsoron Allah.

Mu mutanen ƙasar Rano muna da ƙarin dalilin jin kunya. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, masu marina. Kakanninmu sun yi suna da arziki ne ta wajen iya duhunta zane, kuma mafi tsada a cikin kayansu shi ne wanda ya fi shan shuni, aka buga shi har ya yi baƙi yana walƙiya. Rawani ɗan Kura, daga maƙwabtanmu, Buzaye sun ratsa hamada don su naɗa shi, sarakuna suna ado da shi ranar hawa. Al'ummar da ta san darajar wannan launi a jikin tufa ba ta da hujjar raina shi a jikin 'ya'yanta. Kayan aro ba ya rufe katara, ma'aunin kyau da muka aro kuwa ya bar yawancin 'ya'yanmu a waje. Baƙar tukunya ce ke fid da farin tuwo. Masu shirya fim su ɗora ta a kan murhu, su ga ko jama'a za su ƙi ci.